ZAƁEN CIKE GURBI: WAI SHIN WA KE DA KUJERAR?

Ya 'yan'uwana matasa, yau ina so ne mu tattauna a kan wani al'amari wanda yawancinmu ba mu cika mayar da hankali a kansa ba, alhali kuwa da mu ake yin aikinsa, kuma a kanmu yake ƙarewa. Wannan al'amari shi ne abin da 'yan siyasa ke kira zaɓen cike gurbi, wato zaɓen da ake yi a mazaɓa ɗaya ko 'yan mazaɓu kaɗan idan kujerar wani ɗan majalisa ta zama babu kowa a kai kafin wa'adinsa ya cika. Ba shi da hayaniyar babban zaɓe, jaridu ma sau da yawa a shafin ciki suke saka labarinsa. To amma duk wanda yake son ya san matsayin talaka a wajen mahukuntan ƙasar nan, to ya bar kallon babban zaɓe inda ƙura ke rufe komai, ya zo ya zuba wa zaɓen cike gurbi ido. A nan ne ake ganin abin tsirara, babu riga babu hula.

Bari mu fara da abin da su da kansu suka rubuta, don kada wani ya ce ƙage muke yi musu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 68, ya lissafa hanyoyin da ɗan Majalisar Tarayya zai rasa kujerarsa. Daga ciki akwai idan ya zama gwamna ko mataimakin gwamna, ko aka naɗa shi minista ko kwamishina ko mai ba da shawara na musamman. Akwai idan ya sauya jam'iyya ba tare da jam'iyyarsa ta dare ba. Akwai idan mutanensa suka yi masa kiranye. Sai kuma mutuwa, wadda ba ta neman izinin kowane sashe. Sashe na 76 kuma ya ce matuƙar gurbin ya samu ne da sauran fiye da kwana 90 kafin wa'adin majalisa ya ƙare, to a yi zaɓen cike shi cikin kwana 30. Sashe na 116 ya maimaita wannan hukunci game da majalisun jihohi. Kwana talatin ke nan, wata guda. Ka riƙe wannan adadi da kyau, ya ɗan'uwa, domin za mu dawo kansa.

Yanzu kuma sai mu duba abin da ya faru a zahiri. A watan Afrilun 2024 Allah ya yi wa ɗan majalisar jihar Kano mai wakiltar Bagwai da Shanono, Halilu Ibrahim Kundila, rasuwa. A watan Mayu na wannan shekarar, Isa Dogonyaro mai wakiltar Babura da Garki ta jihar Jigawa a Majalisar Wakilai shi ma ya riga mu gidan gaskiya. A watan Yuli aka rasa Ekene Adams na Chikun da Kajuru a jihar Kaduna, aka kuma rasa Sanata Ifeanyi Ubah na Anambra ta Kudu. Yaushe aka cike waɗannan guraben? Sai ranar 16 ga Agustan 2025, lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta tattara mazaɓu 16 a jihohi 12 ta yi musu zaɓe a rana ɗaya. Ka ƙirga da yatsunka. Mutanen Babura da Garki wata 15 suka yi. Na Bagwai da Shanono wata 16. Na Chikun da Kajuru wata 13. Doka ta ce wata ɗaya, aka yi shekara guda har da ɗoriya, kuma ba mu ji an tuhumi kowa ba, ba mu ji wani ya fito ya ba talakawan nan haƙuri ba.

Wani zai iya cewa, to me aka rasa? Ai ko da ɗan majalisar yana nan ba abin da yake tsinana mana. Wannan magana akwai ɗacin gaskiya a cikinta, amma ka dubi abubuwan da aka zartar a wannan tsakanin. A ƙarshen Mayun 2024 aka canza taken ƙasa cikin 'yan kwanaki. A Yulin 2024 aka yi dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A Fabrairun 2025 aka sa hannu a kasafin kuɗin da ya kusa naira tiriliyan 55. A Maris 2025 majalisa ta amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas. A Yunin 2025 aka sa hannu a sababbin dokokin haraji, waɗanda Arewa ta yi watanni tana ce-ce-ku-ce a kansu. Duk waɗannan an yi su ne kujerar Babura da Garki a Majalisar Wakilai tana wayam. Manomin gero a Garki zai biya harajin, zai sha tsadar, zai ɗauki bashin da aka ciwo da sunansa, amma a zauren babu mai ko da ɗaga hannu a madadinsa. Kuma kasafin kuɗi shi ne wurin da kowane ɗan majalisa yake cusa ɗan abin da zai kai mazaɓarsa, ko rijiyar burtsatse ce, ko aji biyu na firamare, ko ɗakin shan magani. Wanda ba shi da wakili ranar rabo, wa zai tuna da shi?

Ga wani abin mamaki kuma. Wannan sashe na 68 ɗin dai, shi ne ya ce idan ɗan majalisa ya ƙaurace wa zama ba da wani uzuri ba har kwanakin suka haura kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara, to ya rasa kujerarsa. Majalisa kuwa an wajabta mata ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ke nan mutum ɗaya idan ya yi fashin wajen kwana sittin, doka ta ce ya ci amanar mutanensa, a karɓe kujerar. To ita hukuma da ta bar kujerar fiye da kwana ɗari huɗu babu kowa, wace doka ce za ta hau kanta? Wannan shi ne irin adalcin da muke gani a ƙasar nan, dokar tana da haƙora idan ta juyo ƙasa, idan ta kalli sama kuwa sai ta zama dasashi.

Da aka matsa da tambaya, amsar da aka bayar ita ce babu kuɗi. Shugaban hukumar zaɓe na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana a farkon 2025 cewa daga rantsar da majalisu a Yunin 2023 zuwa lokacin an samu gurabe 23, kuma irin waɗannan zaɓuɓɓuka ba a san ranar zuwansu ba balle a yi musu tanadi. Ya kuma shaida wa majalisa cewa naira biliyan 40 da aka ware wa hukumar ba za su isa ba, abin da take bukata biliyan 126 ne. Ba mu ce babu gaskiya a kukansa ba. Zaɓe yana cin kuɗi, akwai buga takardu, akwai motoci, akwai alawus na ma'aikatan wucin gadi. Amma muna tambaya: a ƙarshen 2023, lokacin da aka sayo wa 'yan majalisa manyan motocin da jaridu suka ruwaito kowace ɗaya ta kai naira miliyan 160, an jira wata 15 kafin a samo kuɗin? Ashe dai kuɗin suna nan, abin da babu shi ne damuwa. Mota ta ɗan majalisa ce, shi ya sa ba ta jira. Wakilci na talaka ne, shi ya sa zai iya jira har ya gaji.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Fuska ta biyu ita ce, su wane ne ma suke samar da guraben? Mutuwa kam babu mai ja da ita, Allah ya jiƙan musulmin da suka rasu. Amma ba duka gurabe ne na mutuwa ba. Ka ɗauki zaɓen cike gurbin da aka yi ranar 3 ga Fabrairun 2024. Kujeru shida na Majalisar Tarayya aka cike a ranar, ɗaya ce kawai ta mutuwa, wato ta Jalingo da Yorro da Zing a Taraba. Sauran biyar ɗin masu su ne suka tashi da ƙafarsu. Femi Gbajabiamila na Surulere ya ajiye tasa kwana ɗaya bayan rantsar da majalisa ya zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. David Umahi na Ebonyi ta Kudu, da Ibrahim Gaidam na Yobe ta Gabas, da Yusuf Tanko Sununu na Yauri da Shanga da Ngaski, da Olubunmi Tunji-Ojo na Akoko, duk an rantsar da su ministoci a Agustan 2023. A Fabrairun 2023 aka zaɓe su don shekara huɗu, a Yuni suka yi rantsuwa, kafin damina ta wuce sun bar wurin.

Doka ba ta hana su ba, wannan gaskiya ne. Amma ka yi tunanin tsohuwar da ta tsaya a layi tun hantsi har la'asar, a lokacin da ake fama da ƙarancin takardun naira, ta dangwala wa mutum don ya je ya zauna mata shekara huɗu. Wa ya shawarce ta kafin a ɗauke shi? A wajenmu, idan mutum ya karɓi ajiya, ba ya jefar da ita a bakin hanya don ya hango wata mai tsoka. A wajensu kuwa kujerar majalisa matakala ce, a taka ta a haye, sannan a ɗebi kuɗin baitulmali a sake shirya wani zaɓen, wanda ya tafi ɗin ko kwabo ba zai biya ba.

Wani lokaci ma gurbi ɗaya yakan haifi 'ya'ya. Mutanen Katsina ba za su manta da 2018 ba. A Afrilun shekarar Sanata Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa ya rasu. Aka yi zaɓen cike gurbi ranar 11 ga Agusta, Ahmad Babba Kaita na APC ya kayar da ɗan'uwansa Kabir Babba Kaita na PDP. To shi Ahmad ɗin dama ɗan Majalisar Wakilai ne mai wakiltar Kankia da Kusada da Ingawa, sai tasa kujerar ta zama wayam. A Nuwamba aka sake wani zaɓen, wanda ya ci shi ne Abubakar Yahaya Kusada, wanda a lokacin shi ne kakakin majalisar jihar, ka ga an sake buɗe wani gurbin ke nan a ƙasa. Irin wannan ta faru a Bauchi a shekarar: Sanata Ali Wakili ya rasu, Lawal Yahaya Gumau na Toro ya haye kujerarsa, aka koma Toro aka sake zaɓe. Duk wannan kuma saura 'yan watanni a yi babban zaɓen Fabrairun 2019. Manya suna ta matsawa sama kamar masu canza sahu, talaka kuwa yana nan inda yake, sai dai a sake kiransa layi.

Fuska ta uku, wadda ita ce ta fi shafarmu mu matasa, ita ce ranar zaɓen kanta. A babban zaɓe akwai rumfuna sama da 176,000 a faɗin ƙasa, kowane gwamna yana fama da jiharsa, kowane ɗan takara yana ta kansa, jami'an tsaro a warwatse suke, kuɗin ma a rarrabe suke. A zaɓen cike gurbi kuwa, ƙaramar hukuma ɗaya ce ko biyu, sai ka ga gwamnati da 'yan adawa, na jiha da na tarayya, kowa ya kwaso ƙarfinsa gaba ɗaya ya sauke a kan 'yan ƙauyuka. Ba don kujerar ɗaya za ta canza rinjaye a majalisa ba, a'a, sai don kowa yana so ya nuna wa Abuja cewa shi ne mai jihar. Su kuma jama'ar gari, da yake sun san ba a yi domin su ba, sai su yi zamansu a gida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. A zaɓen cike gurbin sanatan Legas ta Gabas a Disambar 2020 kuwa, ko mutum ɗaya cikin goma bai fito ba. Kuma lissafin a fili yake: duk lokacin da masu fitowa suka yi kaɗan, ƙuri'ar da ake bukata a saya ta ragu, rumfunan da ake bukata a tarwatsa sun ragu, aikin mai jakar kuɗi da mai gora ya yi sauƙi.

Ba hasashe nake yi ba. A lokacin zaɓen 16 ga Agustan 2025, 'yan sanda a Kaduna sun ba da sanarwar kama wani mutum da tsabar kuɗi sama da naira miliyan 25 da ake zargin na sayen ƙuri'a ne. A Kano kuwa, inda aka yi cike gurbi a Bagwai da Shanono, aka kuma sake zaɓen wasu rumfuna a Ghari da Tsanyawa bisa umarnin kotu, rundunar 'yan sanda ta ce ta kama mutum 288 da ake zargin 'yan daba ne, da makamai. Jam'iyyun suka yi ta nuna wa juna yatsa, kowa na cewa yaran ɗaya ɓangaren ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaran da jiya ake loda su a mota, yau babu mai su.

Ya ɗan'uwa, ka tsaya ka yi nazari. Su wane ne waɗannan ɗari biyu da tamanin da takwas ɗin? Akwai ɗan gwamna a cikinsu? Akwai ɗan sanata, ko ɗan shugaban jam'iyya? Wallahi irinmu ne. Sa'o'inmu ne da muka yi makarantar allo tare, muka yi firamare tare, wani ya gama sakandare babu aiki, wani ɗan acaɓa ne da aka hana shi sana'a, wani uwarsa ƙosai take toyawa ta ciyar da ƙannensa. An ba shi ɗan abin da ba zai kai shi mako ba, an haɗa masa da ƙwaya, an kai shi garin da bai san kowa ba don ya daki mutanen da ba su taɓa yi masa komai ba. Wanda ya ci zaɓen ya tafi majalisa, wanda ya faɗi ya tafi kotu da lauyoyinsa, watakila ma baɗi ka gan su a jam'iyya ɗaya suna dariya. Shi kuwa yaron yana tsare, uwarsa na yawon neman mai tsaya masa beli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma wannan ciwo ba a Nijeriya kaɗai yake ba. 'Yan'uwanmu na zango-zango a Ghana sun ga irinsa. A ranar 31 ga Janairun 2019, a zaɓen cike gurbin Ayawaso West Wuogon a birnin Ankara, wasu mutane masu rufe fuska ɗauke da bindigogi suka yi harbi aka raunata jama'a. Bambancin kawai shi ne can abin ya tayar da hankalin ƙasa, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Emile Short, kuma a cikin shekarar aka yi dokar da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa. A nan kuwa an saba, ana kama ɗaruruwa a yi labarin kwana biyu a wuce, ba a taɓa tambayar wa ya yi hayar motocin da suka kawo su ba.

To mene ne mafita? Wasu suna kawo shawarar cewa tunda zaɓen cike gurbi yana cin kuɗi kuma yana jawo rigima, a soke shi kawai, duk jam'iyyar da ɗanta ya mutu ko ya sauka ta kawo wani ya maye gurbin. Maganar tana da daɗin ji, amma mu yi hattara. Wace ce jam'iyya a Nijeriya in ba gwamna da mutum uku ko huɗu a cikin ɗaki ba? Idan aka yi haka, sai a tsayar da mutumin da jama'a ke so a ci zaɓe da shi, bayan wata biyu a ba shi wani muƙami, a ɗauko ɗan gaban goshin da ko akwatin ƙofar gidansu ba zai iya ci ba a ɗora a kujerar. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ɗan abin da ya rage a hannun talaka, wato ikon cewa a'a, shi ma an karɓe.

Idan da gaske sauƙi ake nema, ba sai an je nesa ba. A Jamhuriyar Nijar, a tsarin da suka yi aiki da shi kafin juyin mulkin Yulin 2023, kowane ɗan takarar majalisar dokoki yana tsayawa ne tare da wanda zai gaje shi, an san sunansa tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Idan ɗan majalisar ya rasu ko aka ba shi minista, sai wancan ya hau, babu sabon zaɓe, babu wata goma sha biyar na jira. Ba mu ce tsarin ba shi da nasa aibin ba, amma aƙalla mai zaɓe ya ga mutum biyun da idonsa kafin ya dangwala, ba a bayan idonsa aka ƙulla ba.

Kafin a kai ga wannan, abubuwa uku ne a fili waɗanda ba sa bukatar dogon Turanci. Na farko, kwana 30 ɗin da suka rubuta da hannunsu su cika shi, a ware kuɗin cike gurbi a cikin kasafin kowace shekara, tunda an san babu shekarar da ba a mutuwa, kuma shugaban majalisar da ya yi jinkirin sanar da hukumar zaɓe a tuhume shi. Na biyu, duk wanda ya bar kujerarsa da ƙafarsa don wani muƙami, shi da jam'iyyarsa su biya kuɗin zaɓen da suka jawo, kowa ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski. Na uku, idan an kama yara da makamai, kada a tsaya a kansu, a bi sawun motar da kuɗin har zuwa ƙofar gidan da suka fito.

Amma waɗannan duk a hannunsu suke, kuma mun san halinsu. Abin da yake hannunmu shi ne kanmu. Ko kana da katin zaɓe ko ba ka da shi, ko ka yarda da siyasarsu ko ba ka yarda ba, abu ɗaya dai ya kamata mu haɗu a kai: kada a sake samun ɗayanmu a cikin motar nan. Idan ka ji ana raɗe-raɗin za a yi cike gurbi a wani gari, ka leƙa majalisar unguwarku, ka nemi ƙanenka da abokinka da maƙwabcinka, ka zaunar da shi ka karanta masa lissafin nan. Ka ce masa mutanen da suka iya barin kujera wata 16 babu kowa ba tare da sun rasa barci ba, ba za su rasa barci don ya kwana 16 a bayan kanta ba. Ka tuna masa cewa jinin wanda zai sara ɗin, shi za a tambaya ranar gobe, ba wanda ya aike shi kaɗai ba, kuma ranar babu uban gida babu lauya. Idan kuma mazaɓarku ce aka bari babu wakili, kada ku yi shiru. Ku ƙirga kwanakin, ku rubuta, ku faɗa a gidajen rediyo, ku tambayi duk ɗan siyasar da ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya a garinku, a gaban jama'a, cikin ladabi amma babu tsoro: yau kwana nawa, kuma doka kwana nawa ta ce?

Kujerar nan ba gadon gidan kowa ba ce, ba kuma ta jam'iyya ba ce. Haƙƙin mutanen Babura ne da Shanono da Kajuru da ire-irensu, waɗanda da sunansu ake karɓar albashi da alawus da mota. Ranar da matasa suka ƙi karɓar gora, ranar ce mai jakar kuɗi zai gane haka.

Allah ya shiryi matasanmu, ya tsare mu daga zama makamin azzalumai, ya ba mu abin yi na halal, ya kuma kawo wa raunanan ƙasar nan mafita.